Usta Ya'ƙub da Ƙofar Ƙarƙashin Tanka

Faɗan ya tashi ne a kan kisra, da hantsi, a gaban mutum tara, a watan nan na farkon 2011 da tankokin yaƙi suka fito titunan Alƙahira.

Awadiyya tana zaune inda take zama kullum, a bakin wani lungu na unguwar Ard al-Liwa, bayan unguwar Muhandisin, ta tasa sajinta a gaba. Saj shi ne faifan ƙarfen da ake shimfiɗa ƙullun dawa a kai, a gasa shi siriri kamar takarda ya zama kisra. Nata ba irin na kowa ba ne. Baƙi ne wuluk, kaurinsa ya kai babban yatsa, ƙato ma sai ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Yana kuma da huda biyu a gefe ɗaya, inda ƙullu ke zurarewa ya ƙone ya cika mata ido da hayaƙi. Amma idan ya ɗauki zafi ba ya saki, kisrarsa ba ta ƙuna ba ta ɗanye. Saboda haka Hausawan Sudan na unguwar da ɗaliban Azhar 'yan Najeriya suke layi a gabanta.

Ranar hirar kowa tanka ce. Wani ya ce ya ga Misrawa suna ɗora 'ya'yansu a kai ana ɗaukar hoto. Wani ya ce shi ko inuwarta ba zai taka ba. Sai Usta Ya'ƙub maƙeri ya haɗiye lomarsa, ya share gemu, ya ce, "Wannan abar da kuke tsoro, ni da hannuna na feɗe ɗaya. Ga shaida nan a gabanku. Sajin Hajja daga ƙirjin tanka na ciro shi."

Da ya tsaya nan, da an wuce wurin. Shekara goma sha tara Awadiyya tana jin wannan maganar, tun ranar da ta sayi sajin a hannunsa a garin Damazin na Sudan. Sai ya ƙara da cewa, "Kuna ta yabon hannunta. Ba hannu ba ne, ƙarfe ne. Ko akuya ka zaunar a gaban wannan sajin za ta yi kisra."

Awadiyya ta ajiye ludayi.

"Akuya ko?" ta ce. "To ku ji, jama'a. Wannan tsohon maƙaryaci ne tun yana da haƙora. Ina shi ina tanka? Mutumin da ke tsallake titi in ya ga ɗan sanda? Murfin kwata ne ya sato a bayan asibiti ya goge, ya zo ya ce mini ƙirjin tanka!"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Mutum uku suka dubi kisrar hannunsu, suka ajiye a hankali. Mako guda ta yi tana rantsuwa cewa kwatar ta ruwa mai tsabta ce kafin ciniki ya dawo. Amma a lokacin dariya ce ta ci wurin. Abakar tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya miƙe ya ƙame, ya sara wa Ya'ƙub irin ta soja, ya ce, "Ranka ya daɗe, Janar!"

Ya'ƙub bai yi dariya ba. Ya wanke hannu, ya ce, "Wallahi ba zan ƙara sa kisrarki a bakina ba sai kin janye maganar nan a wannan wurin, a gaban waɗannan mutanen."

"To ka mutu da yunwa," in ji ta.

Daga ranar sunan Usta, wato gwanin sana'a, ya faɗi, Janar ya hau. Wanda bai san Ya'ƙub ba zai ce mene ne a ciki. Ai sunan nan shi ke nan abin da ya mallaka. A Mai Wurno aka haife shi, a bakin kogi, jikan wani maƙeri da ya taso daga ƙasar Haɗejiya da ƙafa zai je Makka, ya tsaya hutawa a Sudan, hutun ya cinye shi. Uban Ya'ƙub maƙeri ne, shi ma ya tashi a gindin zugazugi. Ba ya karanta ko baƙi ɗaya, amma in ya ƙwanƙwasa ƙarfe da bayan zobe zai gaya maka ko na kirki ne ko na ha'inci. Ya koma Damazin yana ƙera garma da lauje. Lokacin yaƙin kudancin Sudan ƙarfe ya yi wuya, sai ya riƙa bin hanyoyin daji da jaki, duk inda aka bar wata mota ta mutu ya tsaya ya yi mata fiɗa. A irin wannan yawon ne, a faɗarsa, ya tarar da tanka ta kafe a cikin wani kwari, ciyawa ta fito mata ta baki. Kwana uku ya yi a kanta da sifana da guduma.

Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya ya tafi Libiya ya daina aiko da labari, shi kuma ya biyo mutane ya zo Alƙahira da katin 'yan gudun hijira a aljihu. A nan ba mai neman garma. Ya koma gyaran murhun gas da walda ƙarafunan taga a wani ɗan shago da bai kai bayan gida faɗi ba. A duk garin nan mai mutum miliyan barkatai, aikin hannunsa na gaske guda ɗaya ne ya rage, shi ne sajin Awadiyya. Ita ma ta san darajarsa. Da za ta bar Sudan gadonta ta bari ta ɗauko shi, ta yi faɗa da ma'aikatan jirgin ruwa a Halfa a kansa har muryarta ta dushe. Sanin nan ne ma ya sa maganar akuya ta yi mata zafi.

Ya so ya kawo shaida tun a makon farko. Ya taka har babban titi inda wata tanka ke tsaye, ya fara sunkuyawa yana leƙen ƙarƙashinta. Sojan da ke kai ya gyara riƙon bindiga. Ya'ƙub ya yi kamar igiyar takalmi yake ɗaurewa, alhali silifas ne a ƙafarsa, ya juyo gida. Abakar ya ji labari, ya ce Janar ya je duba dakarunsa.

Haka aka ci shekara uku da rabi. Kullum da safe sai ya bi ta gaban Awadiyya, ya yi sallama a taƙaice, ya wuce ya sayo burodin Misrawa da wake. Ya rame, wuya ya fito, ciwon suga ya fara cin idonsa. Ita kuwa takan ce da ƙarfi, don ya ji, "Yau akuya ta yi kisra mai daɗi." Amma har ga Allah ludayin farko na kowace safiya, wanda da nasa ne, ba ta san wanda za ta miƙa wa ba.

A ƙarshen 2014, da aka buɗe hanyar mota zuwa Sudan, Ya'ƙub ya ce zai koma Mai Wurno ya mutu a inda aka san ubansa. Saura mako uku ya tafi Malam Hasan ya kawo magana. Malam Hasan Bazazzagi ne, shekara goma sha ɗaya yana karatu a Azhar, furfura ta riga digirin zuwa, kuma yana cikin mutum taran da aka yi faɗan a gabansu.

"Inna," ya ce, "akwai gidan tarihin kayan yaƙi a garin nan. Tsofaffin tankoki ne a fili, matattu, an jera su ana kallo. A shari'a wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Mu kai Baba ya nuna mana inda ya ciro."

"Tamam, na yarda," in ji Ya'ƙub. "A ɗauko sajin."

"La, la, Baba. Akwai na'urar gano ƙarfe a ƙofa. Baƙar fata uku da faifan ƙarfe mai wannan nauyi? Sai dai a ziyarce mu a kurkuku ranar Juma'a."

Ya'ƙub ya ce to a auna da zare a ƙulla. Awadiyya ta ce ƙullin zare a hannun maƙaryaci tafiya yake yi. Ta dubi sajin, sannan ta ce ita za ta yi awon da kanta. Washegari ta dama ƙullu mai kauri, ta shimfiɗa shi har bakin sajin ta ko'ina, ta bar shi ya gasu sosai. Da ta ɗaga, ga kisra guda zagayayya, girman sajin cif, da huda biyu a gefe inda ƙullun ya zurare. Ta sa ta tsakanin kwali biyu ta ɗaure da ɗankwali.

"Wannan ba ta karɓar cin hanci," ta ce.

Suka hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, su uku, Awadiyya ta rungume kwalin a ƙirji, duk wanda ya matso ta kai masa gwiwar hannu. A ƙofar gidan tarihin mai gadi ya sa aka kwance. Ya dubi kisrar, ya dube su.

"Guda ɗaya, ya Hagga? Ku uku?"

"Muna da ƙana'a," in ji ta. Ya bar su suka shiga.

Fili ne babba, rana ta buɗe a kansa. Ga jirage a kan ƙafafun ƙarfe, ga igwa, ga motocin sulke, ga tankoki a jere an shafe su da fenti ruwan ƙasa, kowace da allonta a gaba. Samari da 'yan mata suna jingina da su suna ɗaukar hoto, wata mata ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaya tana ɓare lemo. Awadiyya ta tsaya ta ƙare musu kallo. Rabonta da tsayawa kusa da tanka haka tun ranar da guda biyu suka bi ta tsakiyar gonar mijinta, suka kwantar da dawar da saura kwana goma a girbe. Ta tofar da yawu a gefe.

"Dube su," ta ce. "An yi musu wanka an shafa musu mai kamar masu jego. Wa suka taɓa ciyarwa?"

Malam Hasan ya fara karanta alluna, wannan an ƙera ta shekara kaza, ta yi yaƙi kaza. Ba mai saurarensa. Ya'ƙub ya riga ya yi gaba, yana zagaya ta farko kamar mahauci a kasuwar shanu. Ya ƙwanƙwasa nan da zobe, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa can.

"Garma ɗari biyu," ya ce. "Ban da lauje. Wannan sarƙar kuwa duk gatari ce. Kai, an yi asarar ƙarfe a wurin nan!"

"Ba fiɗa muka zo ba, Janar. Ga ƙirji nan, nuna mana."

Ya'ƙub ya sosa ƙeya. Ya ce to, a gaskiya, ba daga ƙirjin ba ne sosai. Ƙirjin kaurinsa ya fi tafin hannu, ba mai ciro shi da sifana. Daga ƙasa ne, ta wajen ciki.

"Malam, rubuta," in ji Awadiyya. "Ƙarya ta ɗaya ta faɗo tun ba a girgiza ba."

Ya kwanta rigingine ya ja jiki ƙarƙashin ta farko. Ya jima, ya fito da ƙura a gemu, ya ce ba irinta ba ce. Ta biyu ma haka, murfin da ke cikinta mai kusurwa huɗu ne. Da ya fito daga ta uku sai da Malam Hasan ya kama shi ya miƙe, numfashinsa yana fita da ƙyar. Awadiyya ta buɗe baki za ta ce a rubuta ta biyu da ta uku, sai ta ga yadda rigar ta yi masa yawa. Ta rufe bakin. A karon farko ta tambayi kanta, idan ba a samu ba fa? Mutumin nan zai hau mota ke nan da sunan Janar, a kai shi kabari da shi, kuma ita ce ta raɗa.

"Baba, khalas, mu haƙura," in ji Malam Hasan. "Allah ya san gaskiya."

"Allah ya sani. Abakar ne bai sani ba."

Can ƙarshen layi, kusa da katanga, inda masu hoto ba sa zuwa, akwai wata gajeriya mai faɗi, kanta kamar an kife ƙwarya. Ya'ƙub ya tsaya cak. Ya matsa ya dafa ta, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya.

"Ga 'yar'uwarta," ya ce a hankali. "Ba ni kisrar."

Ya shige ƙarƙashin tankar da ita a kan ƙirji. Sai muryarsa ta fito daga ƙasa: "Malam, zo ka gani!"

Malam Hasan ya dubi farar jallabiyarsa, ya dubi tumbinsa, ya dubi ratar da ke tsakanin tanka da ƙasa. Ya ce shi ya gamsu, shaidar mutum adali ta isa.

"Wane adalin?" in ji Awadiyya. "Riƙe mini takalmi."

Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara kamar ana karya kara, ta kwanta ta ja jiki. Ƙarƙashin akwai sanyi da warin tsohon mai da kashin mage. Ya'ƙub yana kwance ya ɗaga hannu biyu ya manna kisrar a cikin tanka. Akwai murfi zagayayye a wurin, kisrar ta rufe shi baki da baki, ba ragi ba ƙari. Ta cikin hudar nan biyu da suka shekara ashirin da biyu suna cika mata ido da hayaƙi, kawunan noti biyu ne suka leƙo.

Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa notin.

"Ki faɗa," in ji shi.

"Na gani."

"Ban ce ki gani ba. Ki faɗa."

Kafin ta amsa sai suka ji takun takalmi, da wata murya da Larabci tana tambayar ƙafafun su wane ne waɗannan. Mai gadin filin ne, wani dattijo da ya yi aikin soja a zamaninsa. Ya zo ya tarar da ƙafa huɗu na tsofaffi sun fito daga ƙarƙashin kayan tarihi, da wani malami a tsaye riƙe da takalmin mata yana ta ba da haƙuri, ma'alish, ma'alish. Da aka jawo su, Malam Hasan ya yi masa bayani tun daga Damazin. Mutumin ya yi dariya har ya zauna a kan sarƙar tankar. Ya ce ya san murfin sarai.

"Ƙofar gudu ce, ya Hagga. In an harbi tanka wuta ta kama, ba a fita ta sama, harsashi na jira. Ta nan ake zurarewa ƙasa a ja ciki a tsira."

Awadiyya ta juya ta dubi Ya'ƙub daga sama har ƙasa.

"Ƙirji," ta ce. "Ƙirjin tanka, inda harsashi ke dukan ƙarfe ya koma. Ashe ƙofar masu zawo ce."

"Tanka dai ce," in ji Ya'ƙub.

Mai gadin ya roƙi kisrar, ya karkaɗe tsatsar, ya gutsura ya ce bai taɓa cin irinta ba. Ya miƙa wa Ya'ƙub. Ya'ƙub ya kau da kai, ya ce shi yana da rantsuwa.

Suka koma gida a mikrobas. Malam Hasan ya so ya ba da labari a unguwa, Ya'ƙub ya hana shi, ya ce bakin da ya ɓata shi ne zai gyara. Awadiyya kuwa ta ce gobe. Gobe ta zo ta ce mutanen ba su cika ba. Jibi ta ce maƙogwaronta na ciwo, alhali ana jin ta tun daga bakin titi tana zagin mai kawo gas. Kullum ta zuba ƙullu sai ta tsaya kallon hudar nan biyu. Wasu 'ya'yan mutane sun taɓa kwance wannan murfin cikin gaggawa, ko kuma ba su samu sun kwance ba, tunda Ya'ƙub a ɗaure ya same shi. Ita kanta, in za a faɗi gaskiya, ta wace ƙofa ta baro Damazin?

Ranar tafiya ta zo. Da safe Ya'ƙub ya fito da jaka biyu da akwatin sifanu, tasi na jiransa a bakin lungu zai kai shi tashar motocin Sudan a Ataba. Mutane sun taru a gaban sajin kamar kullum, har sun fi tara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Da ya zo kan Abakar, tela ya miƙe ya ƙame, hannu ya fara tafiya goshi.

"Sauke hannun nan kafin in gasa shi," in ji Awadiyya.

Ta buga ludayi a kan sajin, ƙarar ta cika lungun.

"Ku saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Na shiga ƙarƙashin tanka da bayana, Malam Hasan na riƙe da takalmina. Wannan ƙarfen na tanka ne. Ba murfin kwata ba ne, ni na ƙirƙira don in ƙona masa rai. Ta gindi ya ciro shi, ba ta ƙirji ba, amma shi ya ciro, da hannunsa. Duk wanda ya ƙara cewa Janar, ya nemi mai yi masa kisra."

Ba wanda ya yi dariya, Abakar ya koma ya zauna a kan hannunsa. Ya'ƙub ya ajiye jakunkunan. Ya ja benci ya zauna a wurinsa na da, ya yi bisimilla. Ta zuba ludayi, ta shimfiɗa, ta ɗaga, ta miƙa masa da miyar kuɓewa. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, mai tasi yana ta danna oda yana yalla, yalla. Sai da ya ci biyar. Ya suɗe yatsu, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa gefen sajin da zobe, ya saurari ƙarar har ta mutu.

"Ƙarfe mai kyau," ya ce.

Awadiyya ba ta ƙara ganinsa ba bayan wannan safiyar. Ta naɗe masa guda ashirin a ɗankwalin nan da ya je gidan tarihi, ta cusa masa a hammata, ta tura shi wajen tasi.

"Tafi, Usta, kada mota ta bar ka. Ƙarfen naka ne, na faɗa kowa ya ji. Amma in ka isa Mai Wurno ka samo akuyar, ka aiko mini ita in ga kisrarta."